Katin Ƙarshe na Malam Ƙarami

Litinin, 4 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baban yara da yaran duka. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Mama da ke ɗan taɓa ta idan an yi sanyi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Sau shida na kira ki a makon nan, kullum kina bakin aiki a asibiti, ɗakin yara marasa lafiya, wayar tana cikin jaka tana ta kuka ita kaɗai. Na ce bari in rubuta in ba direba, ko a lokacin hutunki kya karanta.

Maganar ɗakin Baba ce. Kafinta ya duba rufin, ya ce kwanon ya huhhuje, ranar ashirin da biyar zai zo ya kware shi, don haka sai an kwashe komai. Littattafan ba su dame ni ba. Katunan ne. Yaya, kwalin takalmi talatin da ɗaya, kowanne cike taf! Wata huɗu ke nan da rasuwarsa, amma da na buɗe na farko sai warin tawadar nan tasa ya buso, wallahi har waiwayawa na yi.

Kin san tsarinsa. Kalma a sama, sai ma'ana, sai jimlar da ya ji ta a ciki, sai wanda ya faɗa da wurin da ranar, sai asalinta a ƙasa. Bokiti da tasha daga Turanci, sabulu daga Larabci, wata kuma ya sa alamar tambaya har uku. Kuma kin tuna dokokinsa biyu: abin da bai ji da kunnensa ba, ba ya rubutawa, wanda ya ji kuwa sai ya rubuta shi nan take, wai kafin kunne ya huce. Ga shi ba ya yarda da biro, sai alƙalamin tawadar da ke kan teburinsa. Sau nawa yana tsakiyar cin abinci baƙo zai faɗi wata kalma, ya tsame hannu ya ruga ɗaki, ya bar baƙon da baki buɗe? Mutumin da ya yi shekara talatin yana gyaran kurakurai a maɗaba'a, ya sa mai fenti ya sake hawa tsani don ya manta lanƙwasar harafin farko na ɗinki a allon shagona. Allah Ya jiƙan Baba, akwai rigima.

To, kalma ɗaya na shiga nema, lalumbe. Hasken nan da ke rawa a bango idan rana ta faɗa cikin ruwa. Shi ya koya mini ita, na je aji uku na faɗa, malama ta ce babu wannan a Hausa, 'yan aji suka yi mini dariya har aka tashi. Na dawo ina kuka, ya ce, "Akwai ta, na ji ta." Yau na bi kwalin harafinta kati bayan kati, babu ita. Haushi ya kama ni, na ce ashe tsohon nan ƙirƙira ya yi ya bar ni da kunya.

Sai da na hau kujera zan share saman kabad na ga wani gwangwanin biskit ɗaure da tsumma, an rubuta Malam Ƙarami a murfin. Ban kwance ba, Mama ta kira ni. Wane ne shi? Abokin aikinsa ne? Kuma me zan yi da kwalayen nan?

Ki gaida kowa. Ki riƙa cin abinci, na san halinki.

Ƙanwarki,
Auta

Alhamis, 7 ga wata

Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, muna lafiya. Ki riƙa shafa wa Mama maganin da na aiko safe da yamma, kada ki bari ta tsallake.

Game da katunan, ki ba masu sayen tsofaffin takardu, in sun ƙi ki ƙona. Babu wanda zai karanta su. Ya shafe rayuwarsa yana sauraron bakin mutane, bai taɓa sauraron mutanen ba. Ke kin same shi ya tsufa ya yi laushi, shi ya sa kike ganin abin dariya ne.

Gwangwanin kuma kada ki buɗe. Ki sa shi a wutar da tsummansa. Kada ki tambayi Mama, kada ki ambaci sunan nan a gabanta. Ba shawara nake ba ki ba.

Ina da aiki da sassafe. Ki gaida Mama.

Yayarki

Lahadi, 10 ga wata

Yaya,

Sallama da gaisuwa, da fatan aiki da sauƙi. Ina shafa maganin, Mama ta ce wari gare shi amma yana aiki.

Ki yi haƙuri, na buɗe. Ke ma kin san ni, da kin ce in buɗe, wataƙila da yana nan a ɗaure har yanzu.

Kati ɗari da goma sha biyu ne. Da farko na ɗauka wani yare ne. Bubu, wai mota. Kokko, takalmi. Mamam, ruwa. Nanna, an rubuta ma'anarta "yayarsa". Jimlar kuwa, "Nanna ɗauka." Na ce wane irin malami ne wannan? Sai na duba layin wuri. A cinyar uwarsa. A ƙarƙashin tebur. A bayan yayarsa. A bayan yayarsa. A bayan yayarsa, ya fi sau arba'in. Na duba shekarun, na ga sun tsaya shekara biyu kafin a haife ni.

Yaya, na zauna a ƙasa da katunan a cinya. Ashe ina da yaya namiji? Shekarata talatin da takwas a gidan nan, ni ke wanke wa Mama kai, ni na yi jinyar Baba, babu wanda ya taɓa ce mini akwai wani a tsakanina da ke. Kullum ina tsokanar ki cewa kin ba ni shekara goma don iyayenmu sun huta da rigimarki kafin su sake. Ina faɗa kuna shiru, ni kaɗai ke dariya. Yanzu in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Bari in gaya miki wani abu, ko za ki ce na fara taɓuwa. Ina zaune a wurin, rana tsaka, babu kowa a gidan sai Mama tana barci, sai na ga haske yana rawa a bangon da ke saman teburin Baba. A hankali, kamar ana jijjiga shi. Na yi ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Daga baya na gano kwanon da na tara wa yoyo ne, rana ta shigo ta hujin rufi ta faɗa ciki. Na sani, na gani da idona. Amma tun ranar, ba na shiga ɗakin sai na bar ƙofa a buɗe, kuma na kasa zubar da ruwan.

Na sami lalumbe. Tana cikin gwangwanin, ita ce katin ƙarshe. Ban iya karanta shi duka ba, na ga kalmar kawai na mayar na rufe. Ashe ba ƙirƙira Baba ya yi ba, ta yaron ce.

Ban ce wa Mama komai ba. Amma ke za ki gaya mini. Ke ce Nanna, ko ba ke ba ce? Me ya same shi?

Ƙanwarki da ba ta jin magana,
Auta

Laraba, 13 ga wata

Auta,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Wannan ce takarda ta uku da na fara, biyun na yaga.

Ni ce Nanna. Shekararsa biyu da wata ɗaya, ni ina takwas. Baba ne ya sa masa Malam Ƙarami, wai kullum yana koya masa sabuwar kalma. Ba ya yarda da kowa sai ni. A bayana yake wuni, har aka riƙa cewa zan yi doro.

Ranar Alhamis ce, sha bakwai ga watan uku. Mama ta tafi duba wata maƙwabciya da aka kwantar a asibiti, ta cika babban daron wanki da ruwa a tsakar gida, ta ce in ta dawo za ta yi wanki. Ta ce, "Ki kula da ƙaninki." Bayan azahar yara suka fara wasan igiya a ƙofar gida suna kiran sunana. Na zaunar da shi a tabarma, na ba shi cokali da murfin tukunya yana bugawa, na ce yanzu zan dawo. Na ce tsalle goma kawai zan yi. Ban san nawa na yi ba. Muka bi igiyar har bayan layi. Ihun Baba ne ya dawo da ni. Ya taso daga aiki ya tarar da shi a cikin daron.

Babu wanda ya doke ni. Babu wanda ya ce mini ke ce. Da sun doke ni da ya fi mini. Mama ta kwashe kayansa ta bayar, aka daina faɗin sunansa, Baba kuma ya daina kallon idona. Har ya bar duniya, in muna magana gefen kunnena yake kallo. Na san dalili, ban kuma ga laifinsa ba. Wa zai so kallon wadda ta kashe masa ɗa?

Kin sha yi mini tsiya cewa ba na barin bokiti da ruwa a gidana, cewa har yarana suka yi wayo ina tsaye a ƙofar banɗaki in suna wanka. Kin sha tambaya me ya sa na zaɓi ɗakin yara, inda ake ganin abin da ake gani. Ga amsarki. Shekara arba'in, duk yaron da aka miƙo mini, nauyinsa nake ji.

Ranar da na zo ganin Baba na ƙarshe ya riƙe mini wuyan hannu ya ce, "Akwai wani kati." Na ce a raina, har a nan ma kati. Na zare hannuna na gyara masa ƙarin ruwa.

Abu ɗaya zan gyara miki. Lalumbe ba tasa ba ce. Duk kalmar da ta fito daga bakin yaron nan a kunnena ta fara sauka, ni ke kai wa Baba rahoto ma wani lokaci, ya ce sai ya ji da kansa. Ban taɓa jin ya faɗi wannan ba. Sai bayan an haife ki Baba ya fara faɗinta. Kuskure ya yi ya jefa katin a can.

Yanzu kin sani. Ki ƙona, don Allah.

Yayarki

Asabar, 16 ga wata

Yayata,

Assalamu alaikum. Na karanta takardarki a shago, na rufe shagon na koma gida. Ki zauna kafin ki ci gaba da wannan. In kina wurin aiki, ki ninke ta sai kin koma gida.

Kin ce kuskure ya yi. Yaya, mutumin da ya tayar da mai fenti saboda lanƙwasa ɗaya? Shi ya sa na koma na ciro katin. Ga shi na kwafe miki yadda yake, ban ƙara ba, ban rage ba.

Lalumbe.
Ma'ana: hasken da ke rawa a bango idan rana ta faɗa cikin ruwa.
Jimla: "Baba, lalumbe, kama."
Wanda ya faɗa: Malam Ƙarami.
Wuri: tsakar gida, bakin daro, yana hannuna.
Rana: Alhamis, 17 ga watan uku, bayan azahar.
Asali:

Layin asali babu komai, sai ɗigon tawada babba, irin na wanda ya ɗora alƙalami ya daɗe bai ɗaga ba.

Kin ga abin da na gani? Ba ki taɓa jin kalmar ba domin sau ɗaya ya faɗe ta, kuma ba kya nan. Baba yana nan. Ba a cikin daron ya fara tarar da shi ba. Ya tarar da shi da ransa, ya ɗauke shi, yaron ya nuna masa bango.

Na juya katin. A sama ya rubuta: "Na sauke shi na shigo in rubuta. Na zauna ina tunanin asalinta." A ƙarƙashi kuma ranaku ne a jere, da ƙananan haruffa, har gefen katin ya cika. Kowace rana da kalma uku a gabanta: ban iya ba. Na gane wasu. Akwai ranar da kika gama makarantar jinya. Akwai ranar aurenki. Akwai ranar da kika haifi ta fari. Ta ƙarshe watan da ya kwanta ne, hannun yana rawa har da ƙyar na karanta.

Na saɓa miki karo na biyu, na je wurin Mama. Tana zaune a bakin gado tana tsefe kai. Ban yi dogon bayani ba, na ɗora mata katin a cinya. Ba ta ko sa tabarau ba. Ta ce, "Kin hau saman kabad ke nan."

Na ce, "Mama, kin sani?"

Ta ce, "Sai da aka shekara tara ya gaya mini. Na ce masa, je ka faɗa wa yarinyar nan, ta ɗauki kayan da ba nata ba. Ya ce gobe."

Na ce, "To ke fa, Mama? Ke me ya hana ki?"

Ta ajiye matajin da ke hannunta. Sannan ta ce, "Ni na cika daron. Kowa a gidan nan da nasa yake ɓoyo, Auta. Na ga tana tashi, tana karatu, tana aiki, na ce ta manta. Yaro ai yana mantawa."

Na ce, "Ba ta manta ba."

Sai ta fashe da kuka irin wanda ban gani ba ko ranar da aka fita da Baba. Tana ta cewa a kira mata ke.

Yaya, ban san me zan ce miki ba. Ina son Baba, kin sani, ni ce 'yar gaban goshinsa. Yau na tsaya a gaban teburinsa na yi masa faɗa da ƙarfi kamar yana zaune, na ce ka ji tsoron 'yar shekara takwas, ka bar ta da wannan? Ba idonki yake gudu don ya tsane ki ba. Kunya ce ta hana shi. Kuma ni da ya zaunar a cinya yana koya mini kalmar, yana nuna mini bango, ashe ni ce kwalin da ya ajiye ta a ciki. Na yi fushi, na kuma ji tausayinsa, na rasa wanne zan riƙe.

Ban ƙona komai ba. Ke ke da iko da gwangwanin nan. Abin da kika ce shi zan yi, wannan karon da gaske.

Taki,
Auta

Alhamis, 21 ga wata

Yaya,

Sallama. Direba ya rantse a hannunki ya ba ki takardar. Wayarki a kashe. Na kira Baban yara, ya ce kin ɗauki hutu, kina ɗaki, ba kya son magana.

In na yi laifi da na aiko, ki yafe mini. Mama kullum sai ta sa na leƙa ƙofar gida in ta ji tsayuwar mota. Kafinta yana nan zuwa ranar Litinin. Na kwashe kwalayen zuwa ɗakina, gwangwanin kaɗai na bari a kan teburin.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Auta

Juma'a, 22 ga wata

Auta,

Wa alaikumus salam. Ba ki yi laifi ba.

Ban yafe masa ba tukuna, kada ki tambaye ni yaushe. Ni ma na tafi wasan igiya, wannan ba zai goge ba. Amma jiya na yi barci har rana ta fito.

Da azahar na cika roba da ruwa na ajiye a rana, karo na farko a gidan nan. Na zauna ina kallon bango. Sai abin ya dawo mini. In yana kuka, nakan ɗauki murfin tukunya in haska rana a bango in ce masa, "Laa, ga Lumbe ya zo, kama shi!" Wani ɗan dodo ne na ƙirƙira don ya yi shiru. Na manta da shi sam, sai da na ga kalmar kama a katin.

Asalin da Baba ya zauna nema ke nan. Ni ce asalin, ina bayan layi ina tsallen igiya. Shekara arba'in, da ya kalle ni sau ɗaya ya tambaya, da na gaya masa.

Gobe zan taso da motar farko. Ki ce wa Mama ina zuwa. Ki zuba wa alƙalaminsa tawada, akwai layin da zan cike. Kwanon yoyon nan kuma kada ki zubar, ki bar shi inda yake.

Yayarki,
Nanna